Kafin a Fasa Teburin Ɗan Ƙanena: Martani kan Gem da Caca

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in tanka wa bawan Allahn da kuka buga wasiƙarsa kwanakin baya, wanda ya ce duk abin da ake kira gem, na waya ne ko na talabijin ko na tebur, caca ce aka sauya wa riga, don haka a tattara a cinna musu wuta. Na san inda ke yi masa ƙaiƙayi. Ni ma ina da maƙwabcin da ɗansa ya sulale da buhun riɗi biyu ya zuba kuɗin a cacar ƙwallo ta waya, uban bai farga ba sai ranar da ya zo ɗaura kaya zuwa kasuwar Gujungu. Amma kuɗin goron nan da ya yi ya haɗa har da wani wasa da na sani ciki da bai, wanda kuma a daminar da ta wuce ya kai ni gaban mai unguwa, ni da ɗan ƙanena. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Ni mai gyaran rediyo ne, yanzu da zamani ya juya har da waya da fitilar sola, a wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Gujungu. Wasan da nake nufi shi ne fimbol. Tebur ne mai ɗan gangare, an rufe shi da gilashi, ka harba ƙwallon ƙarfe sama, ta riƙa gangarowa tana dukan abubuwa tana tara maki, kai kuma kana tare ta da wasu 'yan fukafukai biyu a ƙasa don kada ta faɗa rami. Iyakarsa ke nan a baki. A hannu kuwa wani abu ne daban.

Na fara ganin na gaske ina yaron shago a Sabon Gari, Kano. An kira maigidana wani otal, wai wata na'urar wasa ta mutu, ni na ɗauko masa akwatin kayan aiki. Da muka shiga sai na ga wani abu kamar gadon mutum ɗaya mai ƙafa huɗu, da allo a tsaye a kansa, an zana ƙwallon ƙafa da wani kare sanye da kayan 'yan wasa. World Cup Soccer ne, na kamfanin Bally, wanda aka yi don gasar kofin duniya ta 1994 a Amurka, gasar da Nijeriya ta fara zuwa, wadda Rashidi Yekini ya ci Balgeriya ya shiga raga ya riƙe ta yana kuka. A cikin teburin akwai 'yar raga, da gola da ke kai-komo a bakinta, da wata ƙatuwar ƙwallo da ke juyawa. Maigida ya zare gilashin, ya ɗaga fuskar teburin kamar yadda bakanike ke ɗaga bonet. Malam Edita, ban taɓa ganin wayoyi masu yawa haka a wuri guda ba. Koyil-koyil jere, kowanne da aikinsa: wannan ya buga fiffike, wancan ya tunkuɗo ƙwallo daga rami. Duk inda ƙwallon za ta taɓa akwai ɗan makunni a ɓoye da zai kai wa ƙwaƙwalwar na'urar labari. Ciwon ma ba wani babba ba ne, koyil ɗin fiffiken dama ne ya ƙone ya tafi da fis.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ɗan ƙarfe mai tsini da ke rataye a cikin zobe, irin wanda magina ke saki don duba miƙewar bango. Maigida ya ce wannan shi ne ɗan sandan teburin. An yarda ka ɗan girgiza tebur don ka karkata ƙwallo, amma in ka wuce gona da iri ƙarfen ya taɓa zoben, nan take fukafukan za su mutu, ƙwallonka ta tafi a banza. Da muka gama gyara manaja ya bar ni na buga sau uku. Sau ukun nan su ne duk rabona da na gaske har yau.

Sauran sanin da na yi masa ta allo ne. Duk wanda ya taɓa zama a shagon kwamfuta a zamanin Windows XP ya san Space Cadet, ko da bai riƙe sunan ba: teburin nan mai shuɗi da baƙi na sararin samaniya, harafin Z a hagu, alamar nan mai karkata (/) a dama, dogon maɓallin ƙasa kuma na harba ƙwallo. Masu buga takardu da yawa sun kashe lokaci da shi suna jiran kwastoma. Asalinsa tebur ɗaya ne daga cikin ukun da ke cikin wani wasa mai suna Full Tilt! Pinball na 1995, Microsoft ta ɗauko shi ta saka a Windows, har zuwa lokacin da Vista ta fito aka cire shi. Kafin wannan ma, masu gem ɗin talabijin mai rawayan kaset, wanda za a rubuta wasa dubu tara a jiki ka tarar bai wuce goma ba ana ta maimaitawa, sun san Pinball na Nintendo na 1984, wanda in ƙwallonka ta faɗa wani rami sai ka ga Mario ya ɗauko faranti a ka yana tare ta. Masu Sega kuma sun san Sonic Spinball na 1993, inda bushiyar da kanta ce ƙwallon. Akwai Pokémon Pinball na 1999 a Game Boy Color, wanda kaset ɗinsa ke da gidan ƙaramin batir a jiki don ya riƙa karkarwa a hannu in ƙwallo ta bugi abu. Wannan wani direban tirela ya taɓa kawo mini gyara, ashe batirin ne ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen.

To, ina da tsohuwar kwamfuta a shago da nake tura wa mutane karatu da wa'azi a memori, har yau XP ce a kanta. A nan ɗan ƙanena, yaro ɗan aji uku a ƙaramar sakandare, ya gano Space Cadet. Na kore shi ya fi sau goma saboda yana cinye mini cajin batir. Ashe da ya ga na hana, sai ya ƙudura zai ƙera nasa. Ya ɓalle ƙyauren tsohuwar kwabar mahaifiyarsa, ya kafa ƙusoshi jere-jere, ya ɗaura musu yankan robar tiyub, ya roƙi ƙwayar boris a wurin bakanike, ya haɗa maharbi da doguwar ƙusa da sifirin ɗin matacciyar cocila. A ƙasa ya huda ramuka biyar ya rubuta 10, 20, 50, 100, da sifili. Fukafukai kuwa ya rasa yadda zai yi su, sai ya bar shi haka. Ka ja ƙusa ka saki, ka zuba ido.

Sati bai cika ba yaran unguwa suka yi masa caa. Da farko gyaɗa ake sakawa, sai alawa, sai naira ashirin, sai hamsin. Ranar da abin ya fashe, wani yaro aka aika niƙa, ya tsaya a gindin darbejiya ya zubar da kuɗin kaf. Uwar ta zo har ƙofar gidanmu, abin da ta faɗa ba zai bugu a jarida ba. Kuma da gaskiyarta. Teburin nan a yadda yake a ranar caca ce tsagwaronta, ko ni ba zan yi musu ba. Mai unguwa ya sa aka ɗauke shi aka jingine a zaurensa, wasu na cewa a faskara a ba mai ƙosai.

Abin da ya ba ni mamaki, da na zauna ina tunani, shi ne yaron nan bai sani ba ya sake taka sawun da wasan ya taka a ƙasar da aka haife shi. Kakan fimbol wani wasan Faransawa ne na tebur da ake tura ƙwallo da sanda ta bi tsakanin ƙusoshi. A 1871 wani Bature mai suna Montague Redgrave ya yi rajistar maharbi mai sifirin a Amurka. A 1931, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, David Gottlieb na Shikago ya fitar da Baffle Ball, wanda ake jefa wa kwabo a buga, ya kuwa samu kasuwa. Duk waɗannan babu fukafukai, daidai da na ɗan ƙanena, wasu ma har kuɗi suke biya in ƙwallo ta faɗa ramin da ake so. Saboda haka a 1942 magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya haramta shi, hujjarsa kuwa ita ce ta matar da ta zo ƙofar gidanmu: ana kwashe wa 'yan makaranta kuɗin abinci. 'Yan sanda suka bi shaguna suna kwasowa, ana farfasawa da guduma a gaban masu ɗaukar hoto. Har Shikago da ake ƙera shi sai da ta hana buga shi.

Fukafukan sai a 1947 suka zo, a wani teburin Gottlieb mai suna Humpty Dumpty, guda shida ma ya zo da su. Daga nan wasan ya tashi daga zuba ido ya koma aikin hannu. Amma doka ba ta sauya da wuri ba. Sai a 1976, bayan shekara 34, wani matashin marubuci mai suna Roger Sharpe ya tsaya gaban majalisar birnin Niyok da tebur, yana faɗin inda zai aika ƙwallo kafin ya buga, tana kuwa zuwa, sannan aka janye haramcin.

Da wannan labarin na ɗaure ɗamara. Na je na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, a ba ni aron teburin nan kwana uku, in na dawo da shi aka ga har yanzu caca ce, ni da kaina zan kawo gatari. Ya ba ni. Ni da yaron muka toshe huɗu daga ramukan nan biyar muka bar guda a tsakiya. Muka fafe katako biyu muka yi fukafukai, kowanne a kan ƙusa yake juyawa, wayar birkin keke ke jan sa, roba ta maido shi. Muka kafa ƙararrawar keke a can sama, da marafan kwalba uku a gefe. Gangaren ne ya ba mu wuya. Na gaske wajen digiri shida da rabi ake saita shi, ƙwallonsa kuma ta kai giram 80, tamu ƙwayar boris ba ta kai rabin haka ba. In muka ɗaga da yawa ta zubo kamar ruwan indararo, in muka kwantar ta tsaya tana barci a jikin ƙusa. Yaron ne ya gano a riƙa cusa kwali a ƙarƙashin ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa, yana rubuta adadin a bango da gawayi. Yaron da malaminsa na lissafi ya taɓa ce mini ba ya jin komai.

Ranar da muka koma zaure liman na nan, da wasu dattawa. Na kawo hujjata ina taƙama. Na ce ni da yaron za mu buga sau goma, a ƙirga wanda ya fi buga ƙararrawa. Ya cinye ni goma cif, ana ta dariya. Na ce to, Allah gafarta Malam, abin sa'a ba ya bin mutum ɗaya sau goma a jere, wannan gwaninta ce, har na soma ba su labarin Niyok.

Liman ya bar ni na kai aya, sannan ya rushe mini ginin da magana biyu. Ya ce dara ma gwaninta ce, amma in mutum biyu suka ajiye kuɗi a gefe wanda ya ci ya kwashe, me sunanta? Ya karanto aya ta 90 a Suratul Ma'ida. Ya ce shi bai damu da abin da majalisar Turawa ta yanke ba, tambayoyinsa uku ne: ana sa kuɗi ko wani abu a kai? Yana hana salla? Yana hana karatu? Na farko muka yi alkawari an daina. Na biyu yaron ya tsallake. A na uku ya faɗi warwas, don malamin makarantar allo na zaune a wurin, ya ce rabon da ya ga allon yaron an wanke tun kafin a yi shuka. Hukuncin da aka yanke shi ne teburin ya zauna a shagona, a kan idona, ba a fito da shi sai Alhamis da Juma'a da babu makarantar allo, kuma duk ranar da aka ga ko ƙwayar gyaɗa a kansa, mai ƙosai ta samu itace.

Na fita zauren nan na san an fi ni gaskiya, kuma hukuncin liman ya fi wanda na je nema. Shi nake so mai waccan wasiƙa ya duba. Liman bai ce a ƙone katako ba, ya nemi inda ɓarnar take ya toshe. Cacar da ke cin 'ya'yanmu yau ba ta da ƙusa ba ta da ƙararrawa, a aljihu take, ba ta ƙara, kuma ba mai iya jingine ta a zauren mai unguwa. In muka huce a kan abin da yaro ya ƙera da hannunsa saboda shi ne idonmu ke gani, mun koya masa cewa ɓoyayyen ya fi kwanciyar hankali.

Akwai wani gefen kuma da zan ba mai wasiƙar gaskiya, wato maganar sunayen da ake liƙa wa waɗannan wasanni. Tun 1975 da Bally ta yi wani tebur mai suna Wizard! a kan wani fim, kamfanoni suka gane cewa fuskar da mutum ya riga ya sani ita ce ke ciro kuɗi daga aljihunsa. Suka shiga sayen lasisin suna. An yi na Muhammad Ali a 1980. An yi na Terminator 2 a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Jigawa, da muryar jarumin fim ɗin a ciki. An yi na 'yan kokawar Amurka, Royal Rumble, a 1994. Wanda ya fi kowanne kasuwa tun da aka sa fukafukai shi ne The Addams Family na 1992, wanda Pat Lawlor ya tsara, an sayar da fiye da 20,000. Bayan Williams, wadda ta riga ta haɗiye Bally, ta rufe sashen fimbol a 1999, Stern ta daɗe ita kaɗai a fage, kuma kusan duk abin da take fitarwa suna ne na aro, na fim ko na mawaƙa ko na jaruman littattafan zane. Su Mario da Sonic da Pokémon da na ambata ma dabarar ke nan: yaro ya san su a wani wasan, sai a kawo masa su a wannan, ya matsa wa uba lamba. Wannan tarko ne na 'yan kasuwa, kuma ya kamata iyaye su san da shi.

Sai dai a ganina suna kwabon farko kawai yake jawowa. Teburin Addams bai yi kasuwa don fim kaɗai ba: akwai wani hannu da ke fitowa daga akwati ya ɗauke ƙwallo, akwai maganaɗisu a ɓoye da ke karkatar da ita kana ji kana gani. Medieval Madness na 1997 da Attack from Mars na 1995 ba su ari sunan kowa ba, har yau masana wasan na sa su a sahun gaba. Space Cadet ɗin da ya haukata ɗan ƙanena ma ba fuskar kowa a jikinsa.

Mun ga wannan da idonmu a ƙauye. Yaron ɗan Barcelona ne, sai ya zana tambarinsu a tsakiyar teburin da ragowar fentin mai keke. Nan take 'yan Madrid suka yi yaji. Bayan sati biyu suka dawo, wai sun gano daɗin abin shi ne ka riƙa dukan tambarin da ƙarfe. Yanzu fentin ya kusa gogewa, ba wanda ya kula, gardamar ta koma kan wa zai iya tsayar da ƙwallo cak a kan fiffike ya auna ƙararrawa. Ni na ba shi shawara in zai sake fenti ya zana 'yan dambe, Kudu a fiffiken hagu, Arewa a na dama, Guramada a sama, tunda wannan ba sai an biya kowa lasisi ba. Ya dube ni ya ce, Baffa, wannan ai na tsofaffi ne. Na ƙyale shi, teburinsa ne.

Yanzu abin da ya addabe ni da shi shi ne wuta. Yana so fukafukan su riƙa bugawa da maɓalli, ƙararrawa ta kunna fitila. Na nuna masa yadda ake naɗa waya a jikin bututu ta ja ƙusa in an ba ta batir, ya naɗa guda huɗu, biyu sun ƙone, ɗaya ta ƙona masa yatsa, ta huɗun tana motsi amma ba ta da ƙarfin ɗaga katako. Ya iya riƙe ayan ɗin soda yanzu, har na fara ba shi ƙananan gyare-gyaren cocila. In na shiga Kano ƙarshen wata zan leƙa Ƙofar Ruwa ko zan samu koyil ɗin tsohuwar sitatar mota mai araha.

Roƙona na ƙarshe ga masu karatu ne. Na tabbata a wani sito na tsohon otal ko kulob, a Kano ko Kaduna ko Jos, akwai irin teburin nan a yashe, ƙura ta rufe shi, ɓeraye sun ci wayoyin. In akwai wanda ya san inda yake, don Allah ya sanar ta hannun edita. Ba sai mai aiki ba, mataccen ma ya fi mana amfani, don so nake in ɗaga fuskarsa yaron nan da abokansa su leƙa ciki yadda na leƙa. Kuɗin mota da na ɗauko ni zan biya, in an sayar da riɗi.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran rediyo,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.